Karsana ko Saniya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya yi sa ya yi saniya, ya yi rago ya yi tunkiya, ya yi ingarma ya yi goɗiya, sannan ya sa ƙanana suna tsalle a tsakaninsu. Bayan haka, ya kai mai sauraro, gyara zama. Ni ne Arzika ɗan Nomau, makiyayi jikan makiyayi, mutumin Tungar Maje da ke bayan jajayen duwatsu. Zan ba ka labarin tafiyar da na yi zuwa Ƙasar Tsanwa, ni da matata da karsana guda, tafiyar da tun farkonta har ƙarshenta hankalina bai kwanta ba.

Ka sani tun da wuri, ni mutum ne mai fargaba. In hadari ya taso mutane suna murna, ni tsawa nake tunani. Mahaifina ya bar mini garke wanda in ya taso daga mashaya sai ka ce gari ne ya tashi. Ga bijimai masu tozo, ga shanun tatsa, ga takarkarai masu ɗaukar kaya, ga maruƙa sun cika dangwali, wato igiyar da muke jera su a jikinta da safe. Duk da haka kullum ina kwana da tunanin abin da zai same su, har ran da abin ya same su ɗin. Annoba ta shigo. Maruƙa suka fara, iyayensu suka bi, daga ƙarshe baƙin bijimin da mahaifina ya rena da hannunsa ya durƙusa a bakin turke bai ƙara tashi ba. Abin da ya rage mana karsana ce guda, Fure, fara mai baƙin kunne. Kafin bijimin ya mutu ya riga ya hau ta, saboda haka duk jinin garken kakannina yana cikin wannan ciki ɗaya.

Matata kuwa sunanta Hansai. Shekarun baya ta haifi ɗa namiji, ya zo babu rai, aka binne shi ba a yanka rago ba, ba a raɗa suna ba. Da ya rayu sunan mahaifina zan sa masa, a riƙa ce masa Magaji. Tun daga nan ba ta sake samun ciki ba, shi ya sa mutanen Tunga ba su daina ce mata Amarya ba, yadda ake ce wa wadda ba ta haihu ba. Ni ma haka nake kiranta, tana amsawa.

Fatake sun daɗe suna ba mu labarin Ƙasar Tsanwa, can gabas, inda ciyawa ba ta bushewa, annoba kuma ba ta shiga. Rannan na dubi Fure tana tsaye ita kaɗai tsakanin turakan da babu kowa, na ce, "Amarya, in muka zauna nan, ita ma bin su za ta yi."

Hansai ta ce, "To me muke jira, Maigida? Kai dai rage lissafin abin da zai same mu a hanya, ka naɗe tabarma."

Muka kama hanya. Muka wuce garuruwan da muka sani, muka wuce waɗanda sunansu kawai muka taɓa ji, har muka iso bakin wani kogi mai faɗi, ruwansa kala uku, ja da fari da kore, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa gauraya. A bakinsa matafiya sun taru da dabbobinsu, wani tsoho mai kwalekwale, shi ne Sarkin Ruwa, yana ta daka musu tsawa.

Na gaishe shi na ce, "Baba, ta ina ake ƙetarewa?"

Ya ce, "Mutum dai ya shigo jirgi, kogin nan bai damu da ɗan Adam ba. Dabba ce yake tantancewa. Jan ruwa mashigin maza ne, bijimi da rago da ingarma da amale. Fari na mata ne, saniya da tunkiya da goɗiya da taguwa. Kore na ƙanana ne, maraƙi da duƙushi da ɗan akuya, har kwikwiyo da ɗan tsako. Wanda ya shiga inda ba nasa ba, ba ya fita."

Bai rufe baki ba sai ga wani bunsuru, ka san halinsa, ya hangi awaki sun shiga farin ruwa, ya ƙwace igiya ya bi su yana ɓaɓatu. Ruwan ya miƙe kamar an ɗaga tabarma, ya lulluɓe shi, ya koma ya kwanta. Ko gemunsa ba mu ƙara gani ba. Mai shi ya ɗora hannu a ka.

Na ce, "Baba, tawa ciki gare ta. Ita dai mace ce, amma abin da ke cikin fa? In maraƙi ne, ga namiji a ruwan mata. Ko maraƙa ce ma, ai ƙarama ce."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya, baƙo, na ga masu ciki sun wuce lafiya, na kuma ga waɗanda ruwa ya cinye. Ban taɓa buɗe cikin wata na duba ba."

Na zauna a kan yashi ina ta juya maganar, in na ɗauko ta nan ta ɓalle can. Hansai kuwa kallon ruwa kawai take yi. Can ta taɓa ni ta ce, "Dubi tumakin can." Na duba. An raba su da 'ya'yansu, iyaye a fari, 'ya'ya a kore, amma kowace tunkiya ta matsa iyakar gefen nata ruwan, kowane ɗa ya matso gefen nasa, suna tafe suna jin ɗumin juna. Daidai inda farin ya haɗu da koren ruwan a kwance yake lumui.

Ta ce, "Ko mene ne a cikinta, ƙarami ne. Nan za mu bi, rabin jikinta a na mata, rabi a na ƙanana."

Kafin in ce a'a ta ɗaure zane tamau, ta kama igiya ta faɗa ruwa, Fure na biye. Ni aka jefa ni jirgi, ina ta kiran sunayen Allah, ina yi wa Sarkin Ruwa ihu ya matsa kusa da su. Da suka kai tsakiya ruwan ya taso har tozon Fure, ya yi ta zagaya cikinta kamar mai neman wani abu. Na rufe ido. Da na buɗe sai na gan su a tudu, Fure tana kakkaɓe jiki, Hansai tana matse bakin zane.

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Baƙo, ka yi dacen mata. To ga shawara kyauta. Gabanku Dajin Gamba ne, babu hanya a cikinsa sai wadda giwaye suka fasa. Ku bi ta giwa mai ɗa, ita ke kaiwa ga ruwa da mafita. Za ku gane ta da ƙananan sawu a cikin manya. Kada ku kuskura ku bi ta toron giwa."

Dajin Gamba kuwa ciyawa ce zalla, amma kowane kara ya fi rimi tsawo, rana ba ta kai ƙasa sai ta yi tsaka. Muka yi ta tafiya har muka zo inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya shimfiɗaɗɗiya ce, busasshiya, kamar an share. Ɗayar duk caɓi ce da ramuka, ga ƙananan sawu nan birjik a cikin manya. Na dubi caɓin, na dubi cikin Fure da ya yi nauyi, nan take na hango ta ta zame ta karye.

Hansai ta ce, "Maigida, ga ƙananan sawu nan."

Na ce, "Na gani. Amma in ta zame a taɓon nan fa? Mu ɗan bi busasshiyar, in mun ga alamar toro sai mu juyo."

Ta ce, "Toro ba ya aiko da alama." Amma ta biyo ni.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da wani tudu ya tare hanya, da itacen kuka a kansa, tsuntsaye sun yi sheƙa. Ina cewa mu zagaya, sai tudun ya motsa. Ashe toron giwa ne, tsufa ya sa ƙasa ta taru a gadon bayansa har kuka ta tsiro. Ya buɗe kunnuwa, ya yi wata ƙara da ta sa tsuntsayen suka watse, ya yo kanmu.

Muka bar hanya muka kutsa cikin gamba, Hansai na jan igiya, ni ina kora, ƙasa tana girgiza a bayanmu. Muna cikin gudun nan ƙafar Fure ta faɗa wani rami, ta kife a kan cikinta, na ji sautin faɗuwar har cikin haƙorana. Na kama wutsiya, Hansai ta kama ƙaho, muka ɗaga ta, muka ci gaba. Ba mu ankara ba sai muka faɗo kan waccan hanyar mai caɓi, tsakiyar garken giwaye mata da 'ya'yansu. Na ce shi ke nan, mun gudo daga guda mun faɗa hannun taro. Amma giwayen nan, da suka sansano Fure, sai suka ja ta tsakiya inda suke ajiye 'ya'yansu, mu ma muka bi, suka kewaye mu suka juya haure waje. Toron ya iso, ya yi ta tumbuke gamba yana jifa, ya gaji ya juya.

Sai babbarsu, wata tsohuwar giwa, ta miƙo dogon hancinta ta ɗora a kan cikin Fure. Ta daɗe haka. Sannan ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, ta janye hancin, ta ɗora shi a kan Hansai. Ni ban gane kome ba, murna nake mun tsira. Hansai kuwa ba ta taya ni murnar ba. Giwayen suka raka mu har bakin daji. Da muka yada zango na ɗora tafin hannuna a kwiɓin Fure, inda kullum nake jin ɗan yana shuri. Na jira, na canza gefe, na sake jira. Ban ji kome ba. Na ce wa kaina gajiya ce, barci yake yi, amma tsoro ya riga ya shige ni, ko tuwo ban iya ci ba.

Daga nan muka hango Ƙasar Tsanwa. Wallahi fatake ba su yi ƙarya ba. Ganuwar birnin da ƙahonni aka gina ta, ciyawa kuwa tun daga bakin ƙofa take, kore shar, in saniya ta yaga kafin ta haɗiye wata ta tsiro. Fure ta sunkuya ta cika baki. Daidai nan wani mutum ya fito daga ƙofa, dogo, mai ladabi, da aska rataye a wuyansa. Mai Aska ake ce masa, shi ke karɓar baƙi.

Ya ce, "Sannunku da hanya. Tunda ta ci ciyawarmu ta shiga dokarmu, bari in gaya muku yadda take. Kakanninmu sun sha wuyar jinin baƙin dabbobi, shi ya sa suka kafa Ranar Ware, washegarin tsayuwar kowane wata. Namiji baƙo, bijimi ne ko rago ko bunsuru ko ingarma, dandaƙe shi muke yi, ya zama na kaya ko na nama, kada ya ɓata mana iri. Uwa kuwa, saniya ko tunkiya ko akuya ko taguwa, ba ma raba ta da mai ita, don nononta abincin gidansa ne, har fili muke yanka masa. Ƙanana suna bin iyayensu. Amma macen da ba ta taɓa haihuwa ba, karsana ce ko duƙusa ko burguma, kai ko sagarar kaza ce, wannan ta gari ce. In tsaga kunnenta, a kai ta garken gari, an raba ta da mai ita har abada."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ka ga cikinta, haihuwa yau ko gobe."

Ya ce, "Na gani. Amma ciki ba haihuwa ba ne. In ranar ta same ta a haka, da ita da abin da ke cikinta na gari ne."

"To mu koma inda muka fito."

"Ku kuna iya komawa. Ita ce ba ta fita."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Na ce, "In ta haihu kafin ranar fa?"

Ya ce, "Sai ta zama saniya, ni kuma in taya ku murna. Magajiyar Garke ke yanke hukunci, shaidarta kuwa ɗaya ce. Ƙwarya ake ajiyewa, in nono ya zuba, uwa ce."

Aka sauke mu a wata rumfa kusa da dangwalin gari. Wata kuwa ya riga ya tsufa, saura ƙiris. Kada ka tambaye ni yadda na yi kwanakin nan. In na dubi sama in roƙi wata ya yi jinkiri, in na dubi Fure in roƙe ta ta yi sauri. Na zagaya da ita, na shafa mata baya, na yi mata magana a kunne kamar mutum, har na yi mata alkawarin dusa da kanwa iyakar ranta. Ita dai sai tuƙa take tana kallona. Abin da ban iya faɗa wa kowa ba, ko Hansai, shi ne har yanzu hannuna bai ji motsi ba. Ina son ta haihu, ina kuma tsoron abin da za ta haifa.

Rannan da magariba aka buga ganga, an ga wata. Gari na wayewa Fure ta fara naƙuda. Na yi hamdala, na ce Allah ya dube mu. Rana ta fito, hantsi ya yi, tana kwanciya tana tashi, tana nishi, babu abin da ya leƙo. Daga dandali muna jiyo muryar Mai Aska ya fara aiki. Na wanke hannu na shafa mai na sa, na laluba na kamo ƙafafu, na ja, Hansai tana riƙe da kanta tana lallashi. Da ƙyar ya fito. Maraƙi ne, namiji, baƙi wuluk, ubansa sak. Na share masa hanci, na hura masa iska, na murza ƙirjinsa, na ɗaga shi na girgiza. Ya daɗe da mutuwa.

Fure ta miƙe tana rawar ƙafa, ta yi ta lasarsa, tana tura shi da hanci ya tashi. Ni na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Amma kukan ma bai samu wuri ba, don tsoro ya fi shi ƙarfi. Na ɗauko ƙwarya na gwada hantsarta. Ga ta cike tam, amma ko ɗigo. Irin shanunmu haka suke, in ba ɗansu a gabansu yana motsi yana tunkuɗa, riƙe nono suke yi. Da muka janye gawar kuwa sai ta haukace da kuka, ta ƙi ma tsayawa.

Idona ya faɗa kan dangwalin gari, ga maruƙa nan jere, masu tsaro duk sun tafi kallo. Na ce, "Amarya, na samu dabara. In feɗe wannan, mu kwanto baƙi guda daga can mu lulluɓa masa fatar. Za ta ji ƙanshin ɗanta ta saki nono, mu ce nata ne. Gawar kuma mu binne ta nan bayan rumfa, babu wanda ya gani, kamar ba a yi ba."

Hansai ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Kamar ba a yi ba?"

"Ai don mu tsira ne."

Ta ce, "Feɗe shi. Amma ba za mu saci ɗan wata ba, kuma ba za mu ɓoye wannan ba. An haife shi."

Na feɗe, na binne naman. Ita kuwa ta yago ciyawar Tsanwa ta cusa cikin fatar, ta ɗinke da allurarta a natse, ta gyara kunnuwa, ta shafa masa jiƙaƙƙiyar kanwa a gadon baya. Na san wannan aiki, iyayenmu suna yi in maraƙi ya mutu, amma a ruga ake yi, ba a gaban masu hukunci ba. Da ta gama sai ta ɗaga shi ta saɓa a baya, ta goya shi da mayafinta, ta kama hanya. Fure ta bi ta a baya ba igiya, hancinta a jikin goyon.

Dandali cike yake. Magajiyar Garke tana zaune a kan buzu, tsohuwa ce ƙanƙanuwa, gira duk furfura. Mai Aska yana duba dabba ya faɗi sunanta da ƙarfi. "Taguwa da ɗanta, ku wuce! Rago, a kai shi baya! Duƙusa!" Sai ka ji ƙyat, kunne ya tsage, mai ita ya bi ta da ido ana jan ta. Kowane ƙyat a cikina nake jin sa. Layi yana matsowa, ni ina ji kamar in ja da baya.

Aka zo kanmu. Mai Aska ya ce, "Mece ce wannan?"

Hansai ta ce, "Saniya ce."

"Ina ɗanta?"

Ta kwance goyo ta tsayar da shi a ƙasa, ta tallafe shi da hannu. Dandali ya ɗauki surutu, wasu na dariya, wasu na salati. Mai Aska ya sunkuya ya taɓa, ya girgiza kai.

Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai fata ce da ciyawa. Na tausaya muku, wallahi. Amma uwa ita ce mai ɗa a gefenta. Wadda babu ɗa, a wurinmu karsana ce." Ya zare askar daga wuya.

Hansai ba ta kula shi ba, ta durƙusa gaban Magajiya ta ce, "Ranki ya daɗe, ban zo in ce yana da rai ba. Ya mutu. Amma ta ɗauke shi tun daga garinmu, ta ƙetare kogi da shi, ta yi gudun toro da shi, ta yi naƙudarsa tun wayewar gari, ta lashe shi da harshenta. In kun tsaga kunnenta kun ce karsana ce, to wa ta haifa da safen nan?"

Magajiya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Mayar da askarka tukuna. A ajiye ƙwarya."

Aka ajiye. Hansai ta matsa da fatar gaban Fure. Fure ta sansana kai, ta sansana wutsiya, ta ja da baya ta yi huci. Fure ta sake matsowa, ta kai harshe kan kanwar nan, ta lasa sau ɗaya, ta tsaya, sannan ta shiga lasa babu ƙaƙƙautawa, tana wani ƙaramin kuka a maƙogwaro. Aka ce in riƙe fatar, na riƙe ina ɗan motsa ta. Hansai ta tsuguna ta kama hantsa ta ja. Babu kome. Ta sake ja. Babu kome. Na ga Mai Aska yana goge askarsa a hannun riga, na fara tunanin yadda za mu koma ta Dajin Gamba mu biyu da igiya a hannu.

Sai Hansai ta daina ja. Ta jingina goshinta a kwiɓin Fure, ta yi mata magana a hankali, amma ni da nake kusa na ji. Ta ce, "Na sani yana ciwo. Sake shi, 'yar'uwa. In kin riƙe ma ba zai dawo ba."

Ban san abin da dabba take ji ba, abin da na gani kawai zan faɗa. Fure ta sauke numfashi, ta buɗe ƙafa. Na ji tsurr a gindin ƙwarya. Daƙashi ne, nonon farko, mai kauri, rawaya, yana zuba yana kumfa, Hansai tana tatsa hawaye na bin kumatunta.

Magajiya ta sa aka miƙo mata ƙwaryar, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta ce, "Saniya ce. A yanka musu fili."

Mai Aska ya mayar da askarsa, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba, ya ce, "Saniya da ɗanta, ku wuce!"

Na zube ina godiya. Magajiya ta yafito Hansai ta ce, "Ke kuma, 'yata, yaya sunanki?"

Don zumuɗi na riga ta, na ce, "Amarya muke ce mata, ranki ya daɗe."

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. Ta juya ga Hansai, ta kama hannunta, ta ce, "Na ga yadda kika ɗaura goyon nan. Naki namiji ne ko mace?"

Hansai ta sunkuyar da kai ta ce, "Namiji ne, Iya."

Tun ran da aka binne shi, ban taɓa jin wani ya tambaye ta ba.

To, ya kai mai sauraro, jinin baƙin bijimin mahaifina a wannan fata ya ƙare, kuma har gobe in na tuna hanyar nan busasshiya nadama nake yi. Fure dai ta zauna a hannunmu da kunnenta lafiya lau, daga baya ta haifi maruƙa da bijiman Tsanwa, su ne garken da nake kora yanzu. Wannan shi ne abin da idona ya gani, saura kuwa Allah ne masani.

Amma a ranar, da taro ya watse, aka nuna mana hanyar filinmu. Hansai ta sunkuya tana sake goya fatar, don Fure ba za ta taka ko'ina ba sai da ita. Na ɗauki ƙwaryar nono, na buɗe baki zan kira ta yadda na saba, sai na fasa. Na yi gyaran murya, na ce, "Uwar Magaji, mu tafi."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin mayafi. Ba ta juyo ba. Na ɗauka ba ta ji ba, har zan sake faɗa, sai na ji ta ce, "Na'am, Maigida. Ga ni nan."